Takalman Ƙanƙara a Cikin Valise

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka cika mini imel da "Oumaima, kin fasa auren ne ko ba ki fasa ba?", ku yi haƙuri, sai yau hankalina ya dawo jikina har na iya zama gaban kwamfuta. Wata daga Columbus ma cewa ta yi idan ban rubuto ba za ta hau bas ta zo Greensboro ta ji daga bakina. Zauna abinki 'yar uwa, ga shi nan.

Don sababbin shigowa, bari in ɗan koma baya. A azumin 2003 muna gidanmu na McLeansville, can gefen Greensboro, an sha ruwa, ina kicin ina fama da tukwane, sai ƙawata Zipporah, 'yar Jos, ta kira wayar gida. Maman ta ɗauka, ta ce mata ina aiki, ta ajiye. Washegari kowa a makaranta maganarsa ɗaya: jiya da magariba sama ta yi ja. Hasken arewa ne, wanda Turawa ke kira northern lights, ya sauko har North Carolina, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Zipporah ta hango wutsiyarsa tsakanin fitilun High Point Road, shi ya sa ta kira in fita in duba, tunda mu can babu fitilu sai gonaki. Wato abin ya zo har bayan gidanmu, ni kuwa ina goge gindin tukunya.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ni da Zipporah muka yi alƙawari, tunda ya zo bai same ni ba, mu za mu bi shi har gidansu. Shekara biyu muna shiri. Muka zaɓi arewacin Minnesota, bakin babban tafkin nan da ke gaba da Duluth. Muka buga hanya a MapQuest, muka nemi hutun aiki a makon da ke gaban Kirsimetin bana, muka lallaɓa Baba har ya ce zai duba mana tayoyin tsohuwar Corollar Zipporah a wurin sayar da motocinsa. Maman ce kawai ba ta taɓa ba abin muhimmanci ba. Duk sanda na ɗauko maganar sai ta ce, "Haske? Ga haske nan a kicin, ki kunna."

Sai ga Abdoul-Aziz.

Ɗan Zinder ne, yana gyaran kwamfutoci a wani ofis a Downtown. Dogo, mai tsafta, mai salla a kan lokaci. Ba wanda ya tilasta mini shi, ni na gan shi na ce ina so. Baba sharaɗi ɗaya ya kafa masa: ba zai fitar da ni daga Greensboro ba, don ni kaɗai ce 'yarsu. Ya amince. Aibinsa ɗaya ne a wurina, kalma guda da yake rayuwa a kanta. Mu kan yi waya da yamma, in zuba masa surutu har batir ya yi zafi a kunnena, in na gama sai ya ce, "To." In na yi fushi, "To." In na ce ina kewarsa, ya ɗan yi dariya ya ce, "To." Da farko na ɗauka kunya ce. Daga baya na fara tunanin ko ajiye wayar yake yi a kan tebur ya ci gaba da sabgarsa.

Da manya suka zauna sa rana, sai suka dira kan makon tafiyarmu daidai. Ba wanda ya tambaye ni. Na je wurin Maman ina hawaye, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, mariage ake magana, aure guda, kina maganar yawon ganin sama? Kada in ƙara ji."

Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, "ke" ne sunana a bakinta. Na koma ɗaki na buɗe waya, na zauna ina danna lambobin nan ɗaya bayan ɗaya har babban yatsana ya yi ciwo. Na rubuta masa cewa an sa bikin a kan tafiyata, tafiyar da ya fi kowa jin labarinta, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Wayar ta yi ƙara. Na buɗe.

"To."

Jama'a, ba tafiyar ce ta fi ci mini rai ba. Hutu ana sake ɗauka. Abin da ya tsorata ni shi ne in wayi gari ina da 'ya'ya uku da mutumin da ba ya jin abin da nake faɗa. Nan na yanke shawara: kafin a karɓi valise zan gaya wa Baba na fasa. Ku 'yan Najeriya lefe kuke cewa, mu valise muke cewa, amma dokar ɗaya ce, in an karɓa an yi guɗa, komawa baya abin kunya ne ga gida biyu.

Ranar Asabar ɗin da za a kawo valise, da safe na kai wa Baba shayi da niyyar in yi magana. Ya ɗago ya dube ni, fuskar nan cike da murna, ya ce, "Amarya da kanta?" Na ajiye masa shayin, na bar maganar. Ya shanye shayinsa ya gudu wurin motocinsa, don ya ce ba zai zauna cikin mata ba.

Bayan la'asar gida ya cika. Maman ta sha bazin, shaddar nan shuɗiya mai sheƙi, ɗaurin ɗankwali kamar za ta gaisa da silin. Ta sa an cire batirin na'urar hayaƙi saboda turaren wuta, ƙamshi ya kama labule da kafet. An jera dambu da zogale, soyayyun kaji, bissap, wato zoɓo, da lemon citta a kan tebur. Bakin ƙofa kuwa takalma sun yi tsibi har ba wurin sa ƙafa. Gwaggon Abdoul-Aziz, Hajiya Kaltouma, ita ta jagoranci masu kawowa, tun daga Bronx ta taho saboda wannan rana.

Amarya ba ta zama inda ake buɗe valise ɗinta, sai aka tura ni ɗaki. Na zauna bakin gado da doguwar rigar gida, lambar Baba a kan allon waya, yatsana a kan maɓallin kira. Zipporah na tura falo ta zama idona, ita da atamfarta da ta ɗinka musamman. Saƙonta na farko ya shigo.

"Bazin kamar shago. Tanti Ousseina ta fara guɗa."

Na ji guɗar da kunnena. Tanti Ousseina aminiyar Maman ce, muryarta ba ta buƙatar lasifika. Na ce a raina, yanzu zan kira.

"Leshi. Takalma da jaka, kowanne da ɗan uwansa. Oumi, gold ɗin nan ba na wasa ba ne."

Ban kira ba. Na tashi na zaga ɗakin, na dawo na zauna. Wallahi tausayin kaina nake ji, ga tausayin Baba, ga haushin mutumin da har yanzu ina sonsa.

"Akwai wata valise baƙa. Hajiya Kaltouma ta ce ba ita ta haɗa ta ba."

Daga nan sai falon ya yi tsit. Gidan da mata sama da ashirin ke ciki ya yi shiru har ina jin ƙarar frigo daga kicin. Waya ta sake motsi a hannuna.

"Fito. Mama na kuka."

Na figi mayafi na rufa, na fita, al'ada ta yi haƙuri.

Abin da na fara gani shi ne Tanti Ousseina tsaye, ta ɗaga wani dogon wandon ciki mai kauri da yatsu biyu kamar ta tsinto shi a titi. A gabanta valise baƙa a buɗe. An baje kayan a kan kafet, kusa da bazin da zinariya: safar ƙafa ta ulu, safar hannu masu kauri, hular da ke rufe kunne, babban flas, wasu manyan takalman ƙanƙara masu gashi a ciki, har da abin kankare ƙanƙara daga gilashin mota. Maman na zaune a kujera, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Wallahi Hajiya Tchima ban san da ita ba," in ji Hajiya Kaltouma tana duban Maman, duk ta rikice. "A bayan mota na gan ta tare da sauran, na ɗauka cikin 'yan uwansa mata wata ta ƙara. Ina aka taɓa jin namiji ya sa hannu a valise?"

"Ai maganar a fili take," in ji Tanti Ousseina. "Wa ke sa wannan a Greensboro? Sanyinmu nan suwaita ɗaya ta ishe shi. Wannan kayan ƙaura ne."

Hajiya Kaltouma ta dafe ƙirji. "Ashe aikin nan na Minneapolis da abokinsa Zabeirou ya yi masa tayi ya karɓa? Vraiment, yaron nan ya ba ni kunya."

Maman ta sauke mayafin. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

"Abu ɗaya muka roƙa," ta ce. "Ba mu ce gida ba, ba mu ce mota ba. Na baro uwata a Maraɗi, ta rasu ban ga gawarta ba. Wannan kaɗai gare ni. Hajiya, ku rufe kayanku, ba mu karɓa ba."

To kun ji. Abin da na wuni ina neman bakin faɗa, ga shi Maman ta faɗa mini a kyauta. Ai sai in ji daɗi. Amma ban ji ba. Ina tsaye a wurin, idona ya faɗa kan abin da ke naɗe a ƙasan valise ɗin, ba a kai ga fito da shi ba. Na durƙusa na jawo. Ƙatuwar rigar sanyi ce mai hula, launinta ruwan lemo mai haske, irin na masu gyaran titi.

Nan take na tuna. Tun cikin bazara, wata yamma ina zuba masa surutu a waya, na lissafa masa abin da ni da Zipporah za mu buƙata. Cikin wasa na ce ni rigata ruwan lemo nake so, don in na ɓata cikin ƙanƙara a hango ni daga nesa. Na ce da flas babba, don ba zan yi kwana biyu a hanya ina shan shayin gidan mai ba. Ya ce, "To." Ni kaina na manta da maganar.

Na zauna a kan kafet da rigar a cinyata.

"Maman, ba ƙaura ba ce."

"Ke, koma ɗaki."

"Don Allah Maman, bari in kira shi."

Matan suka dubi juna. Amarya ta fito falo ranar valise, kuma za ta kira ango a gaban gwaggonsa. Na san har Niamey sai an ji labarin. Na kira, na sa a speaker, na ajiye wayar a kan tebur tsakanin kaji da bissap.

"Oumaima?" ya ce.

"Ba ita ba ce, ni ce," Hajiya Kaltouma ta karɓe. "Abdoul-Aziz, Minneapolis za ka kai 'yar mutane?"

"Tanti, ina wuni. A'a. Aikin nan tun bazara na ce wa Zabeirou ba na so. Na yi wa Baba alƙawari."

"To kayan mene ne waɗannan ka cusa mini a mota?"

"Na tafiyarsu ne, ita da Zipporah. Bikin ya faɗa a kan ranarsu, shi ne na nemi hutu bayan biki. Na kama babbar mota mai tayoyin sanyi. Washegarin Kirsimeti za mu tashi, don Zipporah ta yi Kirsimetinta a gida. Mu kwana a hanya, mu yi 'yan kwanaki can, mu dawo. Tafiyarsu ce, ni direba ne."

Zipporah ta toshe baki da hannu biyu. Ni kuwa na manta da kunya gaba ɗaya, na matso kusa da wayar.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Sai shekaranjiya oga ya sa hannu a hutun. Ban so in gaya miki abin da bai tabbata ba, in zo in ƙara ɓata miki rai. Kuma ko mun je, ba lalle mu gan shi ba. Na bincika, wani lokaci hadari na rufe shi. In ba mu gani ba, baɗi mu koma."

A iya sanina da shi, bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba.

"Bon," in ji Hajiya Kaltouma, muryarta ta fara dawowa. "Amma me ya kai su cikin valise?"

"Tanti, ai na tambaye ki me ake sawa a ciki. Kika ce duk abin da amarya za ta sa a jikinta."

Tanti Ousseina ce ta fara fashewa da dariya, wandon na hannunta har lokacin. Daga nan falon ya ɗauka. Hajiya Kaltouma na dariya tana share ido tana cewa Allah ya shirya mata shi. Maman ba ta yi dariya ba, amma na ga kafaɗunta sun sauka, ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdulillahi," a hankali, har sau biyu.

Ni kam ji na yi kamar an sauke mini buhun shinkafa daga ka. Ashe duk surutun nan nawa ba a iska yake tafiya ba.

"Tunda kin fito, sai ki gwada," in ji Zipporah, ta turo mini takalman. Na zura ƙafa. Ƙafata ta shige ta yi ta yawo a ciki, ko da safa biyu ba za su zauna ba.

"Abdoul-Aziz, wa ya ba ka lambar ƙafata?"

"Ba kowa. Ranar da na zo gaida Baba na duba takalminki a bakin ƙofa. Baƙin nan mai igiya."

Takalmin da Maman ke zuwa aiki da shi ke nan, a gidan burodi. Wannan karon har Maman sai da ta murmusa, ta ce a kashe wayar kafin yaron nan ya ƙarasa kashe mutane. Ta dubi Hajiya Kaltouma ta ce, "Mun karɓa, Allah ya sa albarka." Tanti Ousseina ta rangaɗa guɗar da na tabbata maƙwabcinmu Bature ya ji daga cikin gonarsa. Na koma ɗaki a guje, na goge lambar Baba daga allon, na kifa kai a filo na yi kukan da ban san na mene ne ba.

Bayan magariba baƙi suka watse, Zipporah ta tafi tana rantsuwar sai ta sayi riga kalar tawa. Na fito tattara kofuna, sai na tarar da Maman ita kaɗai a falo. Ta cire ɗankwali, bazin ɗin na jikinta, ƙafafunta cikin takalman ƙanƙara. Sun zauna mata cif. Tana takawa a kan kafet a hankali, ta je bakin ƙofar baya ta tsaya. Ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ranar nan da ƙawarki ta kira, cikin azumi. Na gan shi."

Na ajiye kofunan.

"Na fita zubar da shara, na ɗaga kai, na ga sama ta yi ja kamar an yi yanka. Ba hayaƙi, ba ƙara. Na ce shi ke nan, duniya ce za ta tashi. Na shigo da gudu na ja labule, don in ma tashin ne, kada ki gani ki tsorata. Da wayar ta shigo, tsoro ne ya sa na ajiye ta." Ta shafa labulen da hannu. "Da na ji daga baya abin kallo ne, kunya ta hana ni faɗa."

Shekara biyu ina jin haushin matar nan a kan wayar da ta ajiye. Na je na tsaya kusa da ita, na gyara mata wuyan riga da bai karkace ba.

"Da kyau?" na tambaye ta.

"Ban tsaya na duba ba." Ta dubi ƙafafunta, ta ɗaga ɗaya ta ajiye. "Ke, babbar motar nan da ya ce ya kama, mutum nawa take ɗauka?"

"Maman, sati ɗaya fa da biki."

"Ai ya ce shi direba ne. Kuma takalman nawa ne, shi ya saya da hannunsa."

Na ɗauko waya ina dariya ina share hawaye. Na rubuta masa cewa ya nemo wasu takalman lamba bakwai, ya kuma ƙaro riga ɗaya, don surukarsa ta ce da ita za a tafi, kuma gaba za ta zauna. Maman ta leƙo ta kafaɗata tana jira, takalman na ƙara a kan kafet. Wayar ta yi motsi, na buɗe mana tare.

"To."